Naɗin Alƙalin Kotun Farko a Jihar Zamfara: Nazari Daga Yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci hanyar da mutum yake bi har ya hau kujerar alƙalanci a kotun farko, wato kotun da take fara sauraron ƙara, ta ji shaidu, ta yanke hukunci. An ɗauki ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun a matsayin farfajiyar nazari. An dogara ga Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, da dokokin da Jihar Zamfara ta yi a 1999 da 2000, da littattafan fiƙihun Malikiyya, da rubuce-rubucen masana. Nazarin ya gano cewa alƙalin da talaka ya fi gurfana a gabansa, wanda kuma aka damƙa wa ikon zartar da haddi, shi ne wanda Kundin Tsarin Mulki bai gindaya wa naɗinsa sharaɗi ba, bai kuma kare kujerarsa ba.

Fitilun Kalmomi: alƙali, naɗi, kotun farko, Shari'a, Zamfara

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a Talata Mafara, bayan wata kotun Shari'a ta same shi da laifin satar saniya. Shi ne haddin sata na farko da aka zartar a Nijeriya bayan dawo da dokokin laifuka na Musulunci. Ba shi da lauya, kuma bai ɗaukaka ƙara ba. Ke nan babu wata kotu ta sama da ta sake duba shaidun da aka kawo ko matakan da aka bi. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan hukunci ta fuskar siyasa da addini da haƙƙin ɗan Adam, amma ba a cika tsayawa a kan mutumin da yake zaune a kujerar ba: ina ya yi karatu, wa ya tantance shi, wa ya naɗa shi, wa kuma yake iya tuɓe shi. Waɗannan su ne tambayoyin wannan takarda.

An zaɓi wannan yanki ne saboda dalilai biyu. Na farko, a nan aka fara gwada sabuwar dokar a aikace. Na biyu, uku daga cikin gwamnonin da suka mulki jihar tun daga 1999 'yan nan ne: Ahmad Sani Yariman Bakura (1999 zuwa 2007), da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara (2011 zuwa 2019), da Bello Muhammad Matawalle na Maradun (2019 zuwa 2023). Kamar yadda za a gani, gwamna yana da hannu mai ƙarfi a hukumar da take naɗa alƙalai.

2.0 Ma'anar Alƙali da Sharuɗɗansa a Fiƙihu

Kalmar alƙali aro ce daga Larabci, kamar sauran kalmomin zauren shari'a irin su shaida da hukunci da muhuti da i'izari. Zuwan Turawa ya ƙaro wasu kalmomin, irin su kotu da joji da lauya da majistare da rajistara. Bahaushe yana rarrabewa: alƙali shi ne mai hukunci da littafin Musulunci, joji kuwa mai hukunci da dokar Nasara. Wannan rarrabewa ta harshe ta yi daidai da tsarin naɗi iri biyu da ake da shi har yau.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce abin dogaron kotunan ƙasar Hausa, an gindaya wa alƙali sharuɗɗa. Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim sun tafi a kan cewa ya kasance Musulmi, ɗa, baligi, mai hankali, namiji, adali, mai basirar gane dabarun masu husuma. Ana son ya zama mujtahidi. Idan ba a samu ba, sai a ɗauki mafi sani daga cikin masu bin mazhaba. Dole ne kuma ya kasance yana ji, yana gani, yana magana. Shugabannin jihadin Sakkwato sun ɗauki lamarin da muhimmanci. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa alƙali cikin ginshiƙan da mulki yake tsayawa a kansu, ya kuma soki cin hanci a wajen hukunci. Ƙanensa Abdullahi ya yi bayanin aikin alƙali a Liya'ul Hukkam, littafin da ya rubuta wa jama'ar Kano. A wannan tsari shugaba shi ke naɗawa, kuma alhakin zaɓen wanda ya cancanta yana wuyansa.

3.0 Waiwaye: Daga Zauren Alƙali Zuwa Kotun Yanki

Bayan cin Sakkwato a 1903, Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun tsara su da dokar kotunan gargajiya ta 1906, suka kasa su daraja-daraja daga A zuwa D gwargwadon girman hukuncin da kowace take iya yankewa. Sarki ne yake zaɓen alƙali, Razdan ya ba da takardar izinin kotun. An hana hukuncin yanke gaɓa, kuma bayan kafa Baitulmali aka mayar da alƙalai masu albashi. A wancan zamani Mafara da Bakura da Maradun gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, don haka daga Sakkwato ake turo musu alƙalai, can kuma ake kai ƙara idan ba a gamsu ba.

Hanyar zama alƙali a da ta zaure ce: ɗalibi ya sauke littattafan fiƙihu a gaban malami, ya zauna kusa da alƙali a matsayin magatakarda ko muhuti, har a ga ya isa. Sau da yawa muƙamin yakan zauna a gida ɗaya. Makarantar Koyon Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan, ita ta fara haɗa karatun zaure da takardar shaida; a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Rayuwar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi misali ce ta haɗuwar hanyoyin biyu. Mahaifinsa alƙali ne a Gummi, shi kuma ya yi karatu a wannan makaranta ta Kano, ya koyar a Maru, ya ƙaro ilimi a Sudan, sannan ya zama Girandi Kadi na Jihar Arewa a 1962.

Sauyi mafi girma ya zo ne gab da samun 'yancin kai. Bisa shawarar kwamitin masana shari'a na 1958, wanda Babban Jojin Sudan Abu Rannat ya shugabanta, aka yi kundin laifuka na Final Kod, ya fara aiki a 1960. Tun daga lokacin alƙalai suka daina hukunta laifuka da littattafan fiƙihu, aka riƙa ba su horo a kan sabon kundin a Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya. A 1967 da 1968 gwamnatin soja ta ƙwace kotunan daga hannun En'e, ta rushe kotunan sarakuna, ta kafa kotunan yanki a ƙarƙashin Babban Joji. Daga nan alƙali ya tashi daga bawan sarki ya koma ma'aikacin gwamnati. Wannan tsari Zamfara ta gada lokacin da aka cire ta daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996.

4.0 Hanyoyin Naɗi Biyu a Tsarin Yau

4.1 Jojin Babbar Kotun Jiha

Sashe na 271 na Kundin Tsarin Mulki ya ce gwamna ne yake naɗa jojin Babbar Kotu bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NJC. Sharaɗi shi ne mutum ya shekara aƙalla 10 da zama lauya. Tafiyar tana da tsawo: digirin lauya a jami'a, shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, sannan aiki a matsayin majistare ko lauyan gwamnati ko lauya mai zaman kansa. Ƙa'idojin da NJC ta sabunta a 2014 sun tanadi a sanar da gurbi a fili, a nemi ra'ayin manyan alƙalai da ƙungiyar lauyoyi, a duba hukunce-hukuncen da mai nema ya rubuta ko shari'o'in da ya tsaya a kansu, a samo rahoton lafiya da na jami'an tsaro, sannan a yi masa tambayoyi baki da baki. Bayan naɗi, sashe na 292 ya ƙuntata hanyar tuɓe shi, kuma gyaran da aka yi a 2023 ya kai shekarun ritayarsa 70.

Haka kuma sashe na 276 ya fayyace sharuɗɗan Kadi na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a: ko dai lauya mai shekara 10 da yake da shaidar ilimin shari'ar Musulunci, ko kuma mai riƙe da irin wannan shaida tsawon shekara 10 tare da gogewa a aiki ko shahara a ilimi.

4.2 Alƙalin Kotun Shari'a

Alƙalin kotun Shari'a da majistare ba su shiga wannan lissafi ba. Ma'anar jami'in shari'a da sashe na 318 ya bayar ta tsaya ne a kan alƙalan manyan kotuna. Naɗin na ƙasa da ladabtar da su da korarsu duk suna hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, wadda sashe na 197 ya kafa. A jihar da ba ta da kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada, kamar Zamfara, mutum bakwai ne a hukumar: Babban Joji a matsayin shugaba, da Antoni Janar, da Girandi Kadi, da lauyoyi biyu, da wasu mutum biyu waɗanda ba lauyoyi ba. Biyar daga cikin bakwai ɗin, wato Antoni Janar da mutum huɗun ƙarshe, gwamna ne yake zaɓo su, majalisar dokoki ta tabbatar. Kundin bai faɗi irin karatun da alƙalin zai yi ba. Ya bar wa dokar kowace jiha.

Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, dokar ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. Doka mai lamba 5 ta 1999 ta kafa kotuna hawa uku: ƙaramar kotun Shari'a, da ta tsakiya, da babba. An kuma tanadi majalisar malamai mai tantance waɗanda za a naɗa. An rubuta kundin laifuka na Shari'a, domin sashe na 36(12) ya hana a hukunta mutum da laifin da ba a rubuta shi a doka ba.

Wata uku ne kacal tsakanin ƙaddamarwa da fara aiki. Binciken Ruud Peters na 2003 da kundin bayanan da Philip Ostien ya tattara a 2007 sun nuna cewa a jihohin da suka bi wannan tafarki, akasarin waɗanda suka hau sababbin kujerun tsofaffin alƙalan kotunan yanki ne. Yawancinsu sun fito daga kwalejojin shari'a da nazarin Musulunci da takardar difloma, sun fara da aikin rajistara, suka yi ta hawa. Sun ƙware a aure da saki da gado da rikicin gona. Amma shekara 40 ke nan rabon da wata kotu a Arewa ta hukunta laifi da fiƙihu, kuma yanke hannu tun farkon zamanin Turawa aka bar shi. An ba su iko mafi nauyi a fannin da ba su taɓa aiki a kansa ba.

5.0 Abin da Naɗi Yake Haifarwa a Zauren Shari'a

Haddin sata yana da sharuɗɗa masu tsauri. Sai abin da aka sata ya kai nisabi, wanda a Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Sai an ɗauke shi daga ma'ajiyarsa. Sai babu shubuha. Sai an sami shaidu biyu adalai, ko iƙirarin da mai shi bai janye ba. A kan dabbobi, Risala ta Ibn Abi Zaid ta bambanta wadda aka sata a wurin kiwo da wadda aka kwance daga garke ko turke: ta farko ba a yanke hannu a kanta. A yankin da satar shanu take cikin manyan ƙararraki, wannan bambanci shi ne tsakanin ɗauri da rasa hannu. Idan wanda ake tuhuma ba shi da lauya, ba wanda zai tayar da wannan batu sai alƙalin da kansa. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2004 ya nuna cewa rashin lauya da rashin sanar da mutane haƙƙinsu na ɗaukaka ƙara sun yawaita a shari'o'in shekarun farko.

Inda aka ɗaukaka ƙara, an ga abin da ya fito. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe hukuncin jefewa da kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini. Cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhuma ya faru kafin dokar ta fara aiki. A Satumba 2003 takwararta ta Katsina ta sallami Amina Lawal, ta nuna cewa alƙalin Bakori ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mutum biyu, kuma ba a mutunta haƙƙinta na janye iƙirari ba. Duka kurakuran na ƙananan kotuna ne, kuma da ma'aunin Malikiyya da dokar jiha aka gano su. A shari'ar Jangebe ba a sami wannan dama ba, don haka wannan takarda ba ta yanke cewa an yi kuskure ko ba a yi ba. Abin da take nunawa shi ne, a irin wannan hali ilimin mutum ɗaya ne kaɗai katangar da ke tsakanin talaka da hukuncin da ba a iya mayar da shi baya.

Hanyar ɗaukaka ƙarar ma ba ta miƙe ba. Jihohi sun faɗaɗa ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a zuwa laifuka, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta sha yanke cewa sashe na 277 ya taƙaita ikonta ga al'amuran iyali, kamar aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara. Mai ƙaramin ƙarfi yakan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, sai ya haƙura ya ce shari'a saɓanin hankali.

Ba haddi ne aikin yau da kullum ba. Yankin nan na noma ne da kiwo. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, ta sauya mallakar gonaki a Mafara da Bakura da Maradun, kuma rikicin diyya ya kai ga kashe manoma a 1980. Rabon gadon gona, da jingina, da iyaka, da ɓarnar da shanu suka yi, su ne suke cika zauren alƙali. Masu nazarin ta'addancin da ya addabi Zamfara tun wajen 2011 suna lissafa koken rashin adalci a sasanta manoma da makiyaya cikin musabbabansa. Wanda ya fid da rai da samun gaskiya a kotu yakan nemi wata hanya.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi manazarta Hausa kai-tsaye. Da Hausa ake shari'a a waɗannan kotuna, da ita ake rubuta bayanan zama. Hujjojin fiƙihu da Larabci suke, dokokin jiha da Kundin Tsarin Mulki kuma da Ingilishi aka tsara su. Alƙali yana fassara tsakanin harsuna uku a kowane zama. Idan shari'a ta hau sama, sai a juya bayanan zuwa Ingilishi, kuma kalma guda kamar aro ko jingina ko riƙo tana iya sauya mai gona. Duk tantancewar da ba ta auna wannan ƙwarewa ba ta bar rabin aikin.

Abu na ƙarshe shi ne batun jinsi. Malikiyya ta sharɗanta namiji, Hanafiyya ta yarda mace ta yi hukunci a abin da ba haddi da ƙisasi ba. A Zamfara, Mai Shari'a Kulu Aliyu ta daɗe tana riƙe da muƙamin Babbar Joji, wanda ya sa ta zama shugabar hukumar da take naɗa alƙalan Shari'a. Wannan ya nuna yadda tsarin biyu suke cuɗanya a hukuma ɗaya, kowanne da ma'auninsa.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, dokar jiha ta fayyace mafi ƙarancin karatu da shekarun aiki ga kowane hawa na kotu, a kuma keɓe shari'o'in haddi da ƙisasi ga alƙalan da suka sami horo na musamman a kansu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Bayero da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello suna da malaman da za su iya wannan aiki.

Na biyu, a riƙa sanar da gurbin alƙalanci a fili, a yi jarrabawa rubutacciya da ta haɗa fiƙihu da dokar jiha da rubuta hukunci da Hausa, a kuma bayyana sunayen waɗanda aka zaɓa kafin rantsarwa domin mai ƙorafi ya kawo.

Na uku, a wajabta lauya da sake duban kotun sama a duk hukuncin da ya shafi rai ko gaɓa, ko da wanda aka yanke wa bai nema ba.

Na huɗu, a kare alƙali daga canjin wurin aiki ko dakatarwa ba tare da rubutaccen dalili ba, a kuma aiwatar da sashe na 121(3) a kan 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a, wanda saboda shi ma'aikatan kotuna suka yi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya a 2021.

Na biyar, sassan Hausa na jami'o'i su haɗa hannu da kotuna wajen daidaita kalmomin shari'a da fassara dokokin jiha.

7.0 Kammalawa

Takardar ta bi sawun alƙalin kotun farko daga zamanin da sarki yake naɗa shi, zuwa lokacin En'e, zuwa kotunan yanki, har zuwa kotunan Shari'a na 2000. An ga cewa an tsaurara tantance jojin Babbar Kotu, wanda mutumin Jangebe ko Bakura ko Maradun ba kasafai yake ganinsa ba, aka sassauta a kan alƙalin da yake raba masa gado, yake warware masa aure, yake kuma da ikon yanke masa haddi. Malaman Malikiyya da shugabannin jihadi sun sa nauyin zaɓen alƙali a wuyan mai naɗi, kuma a yau wannan nauyi yana kan gwamna da majalisar dokoki da hukumar mutum bakwai. Nazari na gaba da ya kamata a yi shi ne na bayanan zaman kotunan wannan yanki da kansu, domin a ga yadda alƙalai suke kafa hujja da Hausa, da irin littattafan da suke komawa gare su.